Likita ya ce hantata ta yi kitse, ko kurkum zai iya wanke ta?

Ɗan Kwari

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta na mutane, yau dai ta biyo ta kaina.

Shekarata 46, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari. Wanda ya san kasuwar ya san irin zamanmu. Ka buɗe shago ƙarfe tara, ka hau kan dila ka zauna, ba ka tashi sai an kira salla. Wajen wata uku ke nan ina jin wani nauyi ta ɓangaren dama, ƙasan haƙarƙari. Ba ciwo ba ne da zai hana ka barci, kamar dai an ɗora maka dutsen guga a wurin. Ga kasala da zarar an yi azahar. Na ɗauka olsa ce, har na shanye kwalba biyu ta farin maganin nan, shiru. Uwargida ce ta matsa sai da na je asibiti.

Aka ce in zo da safe kar in ci komai. Mai hoton ya shafa min wannan abu mai sanyi a ciki, ya yi ta goga na'urarsa, sannan ya juyo da allon wajena ya ce, "Alhaji, ka ga nan da ya fi ƙodarka haske? Hantarka ce. Kitse ne ya sa ta wannan ƙyalli." A takarda ya rubuta mataki na biyu. Gwajin jini kuma ya nuna lambobin da ake duba lafiyar hanta da su, ALT 68, AST 45, sugan safe kuma 6.4, wai ya fara hawa. A sikeli na yi kilo 97.

Da na shiga wurin likita, tambayarsa ta farko wai ina shan giya? Wallahi sai da raina ya ɓaci. Na ce likita dubi gemuna. Ya yi dariya ya ce dole ne ya tambayi kowa, kuma yawancin waɗanda yake gani da wannan matsala ko warinta ba su sani ba. Sai ya koma kan abincina, ni kuwa na faɗa masa gaskiya. Da safe shayi mai kauri da burodi da ƙwai, da rana shinkafa da miya ko taliya da lemo mai sanyi, in baƙo ya zo shago a sake sayo lemo in taya shi, da la'asar fura, da dare tuwon shinkafa. Ranar da kasuwa ta yi kyau a biya wurin mai tsire. Ya ce in rage kilo 8 zuwa 10, in bar lemo, in riƙa tafiya a ƙafa, in dawo bayan wata uku. Shi ke nan. Na biya kuɗin kati, na biya na hoto, na biya na gwaji, na fito ko ƙwaya ɗaya ba a rubuta min ba. Abin nan ya tsaya min a rai.

Da na ba maƙwabcin shagona labari sai ya ce ai maganin wannan a kicin ɗina yake, kurkum. Ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, mai bayanin yana cewa kurkum yana narkar da kitsen hanta cikin kwana 21. Tun daga ranar uwargida take dafa min shi kowane dare, cokali ɗaya a madara da zuma. Shekaranjiya kuma na shiga wani kantin magungunan Musulunci na sayo na kafso, naira 18,000 roba ɗaya. A jiki an rubuta miligiram 1,000 kowace ƙwaya, an haɗa da masoro don ya fi shiga jiki, a sha biyu a rana. Ban ɓalle murfin ba tukuna, don ƙanena ya ce ya taɓa jin wai shi kansa kurkum ɗin yana taɓa hanta. To ni nan kaina ya kulle. Abu ɗaya a ce yana gyara hanta, a ce kuma yana ɓata ta?

Don Allah wanda ya sani ya warware min. Kurkum yana maganin kitsen hanta ko ba ya yi? In sha kafson nan ko in mayar? Na madarar kuma in ci gaba?

Maman Walida

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ba likita ba ce, gyaran amare nake yi a Zariya, don haka kurkum kullum hannuna cikinsa yake. Da shi muke haɗa dilka, ina kuma zuba shi a dafa-duka da farfesu. Mahaifiyata gangamau take ce masa.

Abin da ya fara kama idona a bayaninka ba kurkum ɗin ba ne, madarar ce. Wace iri Hajiya take zuba maka? In ta gwangwani ce mai kaurin nan mai zaƙi, sannan a bi ta da zuma, a kan tuwon shinkafa, ka sha ka kwanta, to ai an yi ba a yi ba. Mutumin da aka ce sugansa ya fara hawa! Mu mata mun iya wannan, in muka tashi yi wa miji magani sai mun gyara masa shi ya yi daɗi. Ka ce ta riƙa zuba maka a miya kawai, ko a tafasa da citta a ruwa ka sha ba zaƙi.

Na biyu, kar a sayo maka gari. Na taɓa sayen wani a leda, kyakkyawa, rawaya shar kamar an ɗiga masa fenti. Da na zuba a ruwan sanyi nan take ruwan ya rine tas, ƙasan kofin kuma wani abu ya kwanta kamar alli. Na jiki ne ma na zubar da shi, balle na ci. Tun daga nan saiwar nake saye busasshiya wurin masu kayan ƙamshi. In ka karya ta za ka ga cikinta ruwan lemo-lemo ne, ga ƙamshinta mai ɗan ɗaci. In wanke, in shanya, in farfasa a turmi, in kai niƙa da kaina. Ya fi wahala, amma ka san abin da ka ci.

Zancen kafso kuwa na bar wa masana.

Famasis daga Gusau

Alhaji sannu da jiki. Aikina harhaɗa magunguna ne, shekara 14 ke nan, kuma tambayar nan tana yawan zuwa min kan kanta. Maƙwabcinka da ƙanenka kowa ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, sai dai ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Kurkum ɗin da ke tukunyar Hajiya daban, wanda ke cikin robar da ka sayo daban.

Sinadarin da ake ta magana a kansa sunansa kurkumin, shi ne mai ba da launin. A garin kurkum na gida bai fi kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ba. Cokalin shayi ɗaya na gari da ƙyar ya ba ka miligiram 100. Wannan ɗin ma hanji ba ya tsotse shi sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta takan yi maza ta sarrafa shi ta fitar. Shi ya sa kurkum a abinci ba ya cutarwa, shi ya sa kuma ba shi da ƙarfin da ake ba shi a bidiyo.

Batun amfani fa? Akwai ƙamshin gaskiya. A gwajin ɓeraye da aka ɗura wa abinci mai maiƙo da zaƙi, kurkumin ya rage kumburin hanta, ya rage yadda take ƙera sabon kitse, ya taimaka wa jiki wajen jin insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini. An gwada a mutane ma. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen a Iran aka yi su, ana ba mutane mako 8 zuwa 12, a wasu aka ga ALT da AST sun ɗan sauka, hoton ciki ya nuna kitsen ya ragu. Amma ka lura da abu uku. Mutanen kaɗan ne, galibi kowane gwaji bai wuce mutum ɗari ko ƙasa da haka ba. Lokacin gajere ne, alhali wannan cuta ta shekaru ce. Sannan hoton ciki irin wanda aka yi maka kitse yake nunawa, ba ya auna tabo yadda ya kamata, kuma tabon ne abin tsoro, shi ne yake kai hanta ga ƙanƙancewa. Lambar gwajin jini ta sauka ba shi ne hanta ta tsira ba. Don haka har yanzu ƙungiyoyin likitocin hanta ba su sa kurkum cikin magungunan wannan cuta ba. Zancen kwana 21 kuwa tallan mai kaya ne.

Yanzu ga inda ƙanenka ya yi gaskiya. A 1998 wasu masu bincike a Bangalore ta Indiya suka ba mutane giram 2 na kurkumin tare da miligiram 20 na sinadarin masoro, suka ga abin da ya shiga jini ya ninka sau 20. Dalili shi ne masoron yana taka wa hanta birki wajen fitar da shi. Kamfanoni suka ji wannan suka kama. Suka tace kurkumin zalla, suka haɗa da sinadarin masoro, suka cusa a kafso. To daga nan labari ya sauya. A 2019 a Italiya an samu sama da mutum 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi, har ma'aikatar lafiyarsu ta sa aka riƙa rubuta gargaɗi a jikin roba. A Amurka likitocin da ke bibiyar cutar hanta da magani ke jawowa sun fitar da bayanin mutum 10 a 2022. Biyar sai da aka kwantar da su, ɗaya ta rasu. Bakwai daga cikin goman suna ɗauke da wata ƙwayar gado iri ɗaya, wato akwai waɗanda jininsu ne bai karɓe shi ba tun daga halitta, kuma ba ka da yadda za ka gane kana cikinsu kafin ka sha. Hukumar magunguna ta Ostireliya ma ta fitar da nata gargaɗin a 2023. Abin ba ya samun kowa, da yawa suna sha lafiya lau. Amma wanda ya faɗa wa, yakan fara ne wata ɗaya zuwa huɗu da soma sha: kasala, tashin zuciya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ido ya yi shawara.

Bari mu yi lissafi da robarka. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ya ƙayyade miligiram 3 na kurkumin ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Kai mai kilo 97, wajen miligiram 290 ke nan. Robarka ta ce ka sha 2,000, kuma da masoron da zai hana hantarka korar shi. Hantar da tun yanzu ALT ɗinta 68. Sannan in ka koma bayan wata uku aka ga lambar ta hau, likitanka ba zai san ko kitsen ne ko kafson ba. Ni da a kantina ka zo, ba zan sayar maka ba. Ka mayar.

Akwai kuma waɗanda ko ba kitsen hanta bai kamata su kusanci kafson ba. Mai tsakuwa a matsarmama, don kurkumin yana sa ta matsewa. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda. Mai ciki. Wanda aka sa wa ranar tiyata.

Abin da Hajiya Maman Walida ta faɗa kan gari ka riƙe shi da kyau. A Bangaladash an gano masu sarrafa kurkum suna goga masa wani rini mai ɗauke da dalma don ya yi kyau a ido, masu bincike na jami'ar Stanford suka wallafa hakan a 2019, gwamnatin ƙasar ta bi kasuwanni tana kamawa. Mu nan Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 yara sama da 400 muka binne a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, duk da dai waccan daga dutsen zinariya ta fito. Garin da ba ka san inda aka niƙa shi ba, ba suna ba lamba, gara saiwar da ka karya da hannunka.

A miya, a shinkafa, rabin cokali zuwa ɗaya a rana, ci abinka. Yana gyara girki, in ya ƙara maka wani alheri kuma falillahil hamdu.

Sarkin Yaƙin Samari

Ni fa ban yarda da wannan ba. Duk abin da talaka zai samu da araha sai an ce yana da illa. Indiyawa tun kaka da kakanni suke cin kurkum safe da yamma, sun mutu? Turawa dai ba sa son a gane maganin gargajiya ne don kasuwarsu kar ta faɗi. Alhaji sha abinka ka yi bismilla.

Famasis daga Gusau

Sarkin Yaƙi, ranka ya daɗe, naira 18,000 ce arahar? Kuma ka tambayi Alhaji ya duba bayan robar ya gaya maka ƙasar da aka yi ta. Wannan ma kasuwar ce, ta kamfani.

Indiyawa a miya suke ci, kamar yadda na ce Alhaji ya ci. Su suka fi kowa noma shi a duniya, su suka fi kowa cin sa, amma kitsen hanta a can ya kai wajen mutum ɗaya cikin uku na manya, ga ciwon suga kamar me. Da cin kurkum kullum yana tsare hanta, da su za a fara gani.

Zancen ƙin ganye kuma, maganin zazzaɓin cizon sauro da kake saye a kemis daga ganye aka ciro shi, ɗan'uwan tazargade. Wata 'yar Sin mai suna Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda shi. Metformin da masu suga ke sha, shi ma asalinsa daga wani tsiro ne na Turai. In ganye ya ci jarrabawa da gudu ake karɓarsa. Kurkumin an daɗe ana zaunar da shi jarrabawar, makinsa ne bai kai ba tukuna.

Anti Nas

Alhaji ina yi maka sannu. Ni a ɓangaren masu ciwon ciki da hanta nake aiki, kuma akwai abin da ban ga ka ambata a gwaje-gwajenka ba. An duba maka ciwon hanta nau'in B da C? In ba a yi ba, gobe ka je. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Sau nawa muke ganin mutum an ce masa kitse ne, ya tafi yana ta jiƙe-jiƙe shekara biyu, ashe akwai wani abu a ƙasa. Ranar da za a kawo shi ciki ya kumbura da ruwa, ƙafa ta haye. Gwajin ba tsada, ɗigon jini ne a yatsa. In babu, ka yi allurar rigakafin, sau uku ce, kai da iyalinka.

Ka kuma nemi a ƙirga maka ƙwayoyin jinin da ke sa shi daskarewa. Da wannan lambar, da shekarunka, da ALT da AST, likita zai buga wani lissafi da ake kira FIB-4. In ya fito ƙasa da 1.3, da wuya a ce tabo ya yi nisa. In ya haura, sai a tura ka FibroScan, na'urar da ke auna taurin hanta.

Kar ka ji haushin tambayar giya. Sunan cutar ma da can yana nufin kitsen hanta da ba na giya ba, sai a 2023 likitocin duniya suka sauya shi zuwa wanda ke nuna tushenta, wato teɓa da suga da maiƙon jini. Kuma ba kai kaɗai ba ne, a duniya ana ƙiyasin ta kama fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na manya.

Na ga kuma ka ji zafin fitowa ba magani. Likitanka bai cuce ka ba. Sai a 2024 Amurka ta amince da maganin farko na wannan cuta, shi ma na waɗanda tabo ya riga ya kama ne. Kilo 8 zuwa 10 ɗin da ya ce maka ba da ka ya faɗa ba. An auna an gani: wanda ya rage kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa kitsen yakan ragu, kashi 7 zuwa 10 kumburin ya lafa, daga 10 zuwa sama har tabon yana iya ja da baya. Babu kafson kurkum da ya taɓa nuna irin wannan. Lemon roba ɗaya na santilita 50 yana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 12, kuma rabin sugan nan irin wanda hanta ce take ɗaukar nauyin sarrafa shi, in ya yi mata yawa ta mayar da shi kitse. Kai kuma ka ce biyu kake sha wata rana.

Ƙarin abu biyu. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a guje ta, gubar da ke ciki hanta take ci. In kana shan kofi, baƙi ba suga, ka ci gaba, shi an fi samun shaidar yana taimakon hanta fiye da kurkum ɗin ma.

Malam na Damagaram

Salamu alaikum. Alhaji ni na bi ta hanyar nan, bari in ba ka nawa.

Ina koyarwa a lakwal, wato makaranta, a Damagaram. Shekara biyu da suka wuce aka yi mini ekogarafi, wato hoton ciki, don wani ciwo daban, lokotoro ya ce hanta ta yi kitse. Kilona 91 a lokacin. Mu nan matsalarmu ba lemo ba ce, shayi ne. Ka san namu na buta a kan gawayi, na fari da na biyu da na uku, kowane zagaye da nasa suga. A fada muke zama bayan la'asar, mu sake bayan isha'i. Wata rana na ce wa yaron da ke dafa mana ya riƙa ajiye mini sugan da zai zuba a rabona a wani gwangwanin tumatir, in gani da idona. Kafin sati ya zagayo gwangwanin ya cika ya tumbatsa. Na daɗe ina kallonsa.

Ni ma an ce mini kurkum, kuma na sha. Wata biyu ina tafasa shi da citta kowace asuba, ban sauya komai ba cikin cimata. Na koma sikeli yana nan 91, haƙorana ne kawai suka yi rawaya, ɗalibai suna ta dariya a ɓoye.

Abin da ya yi mini aiki ba daɗi gare shi ba. Na bar babur a gida, lakwal tafiyar minti 25 ce, in je in dawo a ƙasa. Shayi na tsaya a na fari kawai, suga kaɗan, abokai suka yi ta tsiya wai na zama Bature. Tuwon dare na raba shi biyu, na cika kwanon da kwaɗon zogale ko rama. Shinkafa sai da wake, waken ya fi yawa. Wurin da na fi shan wuya azumi ne. Da ina ɗauka watan ne zai rage ni, ashe da buɗe-bakin da muke yi, kunu da ƙosai da soye-soye da zoɓo mai zaƙi, ƙaruwa nake yi. A azumin bara dabino uku da ruwa, in yi salla, sannan in ci abinci ɗaya in tashi.

Wata 10 na yi kafin in sauka zuwa 82. Ba a miƙe ya tafi ba, akwai watan da ko gram bai ragu ba, na kusa watsar da abin. Da aka sake hoton, lokotoro ya ce saura kaɗan. Har yau maiɗakina tana sa kurkum a miya, ina ci, ina jin daɗinsa. Amma in ka tambaye ni wa ya yi aikin, zan nuna maka takalmina, na sake masa ƙasa sau biyu.

Kai da kake zaune a shago, ka nemi abokin tafiya. Ni da wani malamin lissafi muke yi, ranar da na ji ƙyuya shi yake buga mini ƙofa.

Ɗan Kwari

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana biyu ne don in aikata abin da kuka ce kafin in dawo.

Maman Walida, kin kama mu. Ta gwangwanin ce mai zaƙi, cokali uku, ga zuma. Da na karanta wa uwargida abin da kika rubuta sai da ta rufe baki tana dariya. Yanzu an koma zubawa a miya, ta kuma aiki yaro Kasuwar Kurmi ya sayo saiwar.

Famasis, na duba bayan robar kamar yadda ka ce wa Sarkin Yaƙi, a Amurka aka yi ta. Na mayar. Mai kantin ya ce ba ya mayar da kuɗi, sai dai in ɗauki wani abu. Muka yi ta ja, daga ƙarshe na fito da man zaitun da dabino kwali biyu, waɗanda na san Anti Nas za ta ce kar in zauna in cinye.

Anti, na yi gwajin B da C, duka babu, alhamdu lillahi. Na karɓi allurar farko, ranar Asabar zan kai iyali. Ƙwayoyin jinin sun fito 240, likita ya buga lissafin a wayarsa ya ce 1.05, don haka ba sai na je wancan hoton ba yanzu. Na gaya masa zancen kafson, ya ce da na sha da sai mun yi faɗa.

Malam na Damagaram, yau kwana huɗu ina sauka daga adaidaita a Ƙofar Mazugal in taka zuwa kasuwa. Ranar farko na iso jallabiyata sharkaf, yaran shago suka zaci sata aka yi min a hanya. Lemo na daina, sai dai abin da ya fi ba ni wuya baƙi ne. In dilana ya zo daga Agadas ko Maiduguri na sayo masa lemo, ni na riƙe ruwan leda, sai ya ƙi sha, wai sai na taya shi. Jiya sai da na fito da takardar hoton na nuna wa wani kafin ya ƙyale ni.

Saura fura. Ita kam ban iya bari ba. Na ce wa mai kawo min ta daina zuba suga, ta kalle ni kamar na zage ta. Anti Nas, in gero ne da nono zalla ba suga, ludayi nawa zan iya sha da la'asar?